Mutumin da Ke Tsayawa a Gaban Mota

Makon jiya wasu yara suka zo har zaure suka ɗauke ni a bayan babur, wai in je in duba wata tsohuwar mota da jikan wani attajiri ya jawo daga rumfar kakansa yana son ta tashi. Na ce yara, ko da yake makanikai ne, kuma mai garejin nasu kansa furfura ta fara cin gemunsa. In mutum ya kai shekaruna kowa yaro ne. Sun tayar da inji, sun shafa mata fenti har tana ɗaukar ido, amma birki ya gagare su. Na sunkuya da ƙyar, gwiwa tana ƙara, na buɗe murfin tukunyar man birki na kai hanci. Can a ƙasa, ƙarƙashin tsatsa da dattin shekaru, akwai sauran warin man zurma. Wallahi ban san lokacin da idona ya kawo ruwa ba. Suka ce, "Baba, lafiya?" Na ce tsatsa ce ta faɗa mini a ido. Na gaya musu abin da za su yi, suka mai da ni gida, amma tun ranar zuciyata ba ta dawo gidan ba, tana can bakin kogi.

A zamanin da nake magana Turawa na nan, kuma motocin Haɗejiya ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Kowacce mun san muryarta tun tana bayan ganuwa. Gada babu. Mai son ƙetarewa zuwa Kafin Hausa sai ya bi ta mashigi: da rani a shimfiɗa zana da karan dawa a kan rairayi mota ta taka ta wuce, in ruwa ya iso kuwa sai masu fito da kwalekwale, motoci su yi zaman jira har bayan kaka. Da safe abin da kunne ke fara ji shi ne kukan kirinjijiya, agwagin ruwan nan, suna wucewa garke-garke zuwa fadama, da masunta suna buga gora, da mata suna dukan wanki a kan itace. Hayaƙin banda kuwa ya kama rigar kowa, har liman. Yanzu in na je wurin ban gane shi ba. Ciyawar kacala ta cinye inda muke wanka, babura suna ta ihu a kan gada kamar ana korar su, kuma ba wanda ya san a ƙarƙashin ƙafarsa akwai wani gangare da ya taɓa zama abin tsoron direbobi. Ina kewar wurin nan, kewa irin wadda ba ta da magani.

Maigidana a aikin mota Babarbare ne, iyayensa daga gabas suka zo, wajen tafki. Soja suka ɗauke shi lokacin yaƙin Turawa, a can ya koyi gyaran mota, ya dawo da akwatin ƙarfe cike da sifanu da kuma ɗingishi a ƙafar hagu. Ni ɗan Fulanin gida ne, shanunmu sun ƙare tun ban yi wayo ba, sai mahaifina ya kama hannuna ya danƙa masa. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tun ranar farko bai kira sunana ba. "Bafillace, me ya haɗa ka da ƙarfe? To shiga ƙarƙashi, ga saniya mai ƙafa huɗu, tatso mini ita." Ni ma in na samu sarari sai in rama, in ce ai Babarbare ko ya je Makka da daddawar kifinsa zai tafi. Ya yi dariya ya jefe ni da tsumma. Baba nake ce masa, kuma har ga Allah uba ne.

Komai yana gyarawa, amma birki ne sana'arsa ta gaske. Direbobi daga Guri da Kaugama suna baro wasu makanikai su zo rumfarsa don shi kaɗai. Yanzu in birki ya yi ciwo sai a kwance abin gaba ɗaya a jefar, a sayo sabo a kwali a ɗaura, a ce an yi gyara. Wannan ai sauyi ne, wane gyara? Mu kuwa sai mu fito da tukunyar birki, wadda ake ce wa masta, da ƙananan da ke cikin kowace ƙafa, mu goge cikinsu da lallausan ƙyalle har mutum ya ga hasken rana yana zamewa a ciki. Manyan motoci masu tukunyar iska, wadda ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi, in fatar cikinta ta bushe Baba ba ya jiran Kano. Wurin wani baduku yake zuwa a bakin kasuwa, su zauna su biyu suna auna fata suna yanka, ya jiƙa ta da mai ta kwana uku, ta shiga daram. Man birki ma in ya yanke a kanti shi yake haɗa nasa. Ya sa mata su tatso masa man zurma, ya tace shi sau uku da farin ƙyalle, ya gauraya da sifirit, ya ɗaga kwalbar sama yana kallo kamar mai duba jinjirin wata.

Aikin da na fi so shi ne fitar da iska. Mutum ɗaya ba ya yinsa. Ɗaya yana sama a kujerar direba, ɗaya yana kwance a ƙasa da sifana da ɗan bututu da kwalba. A fara da ƙafar da ta fi nisa. Baba yana ƙasa, ni ina sama, sai ka ji muryarsa tana fitowa daga ƙarƙashin mota: "Taka. Taka. Riƙe." In ce, "Na riƙe." Ya sassauta ɗan noti, feda ta nutse a ƙarƙashin ƙafata, ya ɗaure, ya ce, "Saki." Haka za mu yi ta yi, ba ka ganinsa ba ya ganinka, sai murya da amana, har kumfa ya daina fita a kwalbar. Wani lokaci har yau ina zaune sai in ji ƙafata ta dama tana danna tabarma ita kaɗai.

Yana da dokoki, kuma manyan wancan zamani ba sa ba da dalili. Kafin a taɓa robar birki sai an wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Gwangwanin kananzir da muke wanke sauran ƙarafa a ciki, can gindin tsamiya yake zama, ba ya shigowa inda ake aikin birki. Roba kuwa da sifirit ake wanke ta ko da man birki, ba da komai ba. Na taɓa tambayarsa me ya sa, ya ce, "Saboda na ce." Sai na ɗauki dokar na ajiye ta tare da irin su kada a zauna a kan turmi, kada a yi shara bayan magariba. Na ce a raina camfin soja ne.

Abin da ya sa duk garin ya san shi kuwa gwajinsa ne. Hanyar mashigi an sare ta ne a jikin gaɓa, bango dama bango hagu, faɗinta mota ɗaya, ta gangara tsaye har bakin ruwa. Duk motar da ya gyara wa birki, kafin a ɗora mata ko buhu ɗaya, sai an kai ta kan gangaren. Shi kuma ya sauka da ɗingishinsa, ya tsaya a ƙasa a tsakiyar hanya, ya ba kogi baya, ya ɗaga hannu. In ya sauke hannun, direba ya sako mota, ba zai taka birki ba sai ya wuce wani kututture da ke gefe. Babu wurin kaucewa, kuma ko akwai, ƙafar ba ta gudu ba ce. Wani direba ya taɓa ce masa wannan ai ganganci ne. Ya ce, "Gobe za ka ɗebi matan mutane da 'ya'yansu ka gangara nan. In ni da na yi aikin ban yarda in tsaya ba, su don me za su yarda su hau?" Masu wanki sukan bar wanki su zo kallo. Ni kuwa ina gefe ina ta hura hanci, ina ganin a duniya babu mai zuciyar maigidana.

Shekarar da abin ya faru gemu ya riga ya fito mini. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, masunta suna cewa ruwa na tafe. Akwai wani Alhaji mai fataucin hatsi da ya sayi gero da shinkafa masu yawa a Kafin Hausa ya tara a can, yana son motarsa ta katako ta kwaso su kafin mashigi ya rufe. Motar tana kan jak a rumfarmu, sababbin robobi sun iso daga Kano, ƙunshi ɗaya tak, sai ga ɗan aike daga Kaugama cewa yayar Baba ta rasu. Yana ɗaura kaya a keke ya juyo ya dube ni. "Bafillace, ka haɗa ta. In na dawo bayan sadakar uku sai gwaji." Bai taɓa bar mini birki ni kaɗai ba. Ranar ji na yi kamar an naɗa mini rawani.

Ɗoki ya sa na kwance ƙunshin da hannu ɗaya, robobin suka zube a ƙasa, cikin rairayi da baƙin mai. Na ɗauko kwalbar sifirit, wayam. Na je kanti, babu. Man birkin da ke akwai kuwa iyakar na cika mota ne, ba na wanki. Na tsaya ina kallon gindin tsamiya. Na ce, wai shin mene ne a ciki? Kananzir ɗin nan da shi muke wanke komai ya fito fes. Na zuba su a gwangwani na cuɗa, suka fito baƙi wuluk suna sheƙi, har na yi wa kaina kirari. Na goge, na haɗa, direba ya hau sama ni na kwanta a ƙasa muka fitar da iska. Feda ta tsaya ƙyam kamar an taka dutse. Kwana biyu ina yawo a gari ƙirji a gaba.

Da hantsi a rana ta uku Baba ya dawo. Muka yi masa gaisuwa, ya sha ruwa, ya hau ya taka feda sau biyu ya ce, "Madalla. Mu je." Direba ya ja mota ya yi gaba a hankali. Na je gindin tsamiya ɗauko waigi, icen da ake tokare taya da shi, sai idona ya faɗa cikin gwangwanin. Ashe akwai rarar roba ɗaya da na manta a ciki. Na tsamo ta. Ta kumbura ta kusa ninka girmanta, ta yi laushi kamar ɗanwaken da ya kwana a ruwa. Na danna farce, farcen ya shige. Nan take na fahimci dokar da na raina, ba wanda ya yi mini bayani. Irin wannan ce a cikin masta, irinta ce a ƙafafu huɗu, kwana biyu suna sha a ɓoye.

Na jefa ta a aljihu na bi bayansa. Tafiyar daga rumfa zuwa mashigi ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Yana gaba yana jan ƙafa yana ba ni labarin mutanen da suka zo ta'aziyya, ni ina biye da shi a baya. Shaiɗan yana ta ba ni shawara mai daɗi: ai waɗancan ɗauraye su kawai ka yi, ba jiƙa su ka yi ba, ai feda ta tsaya, ai sau ɗaya ne, za ta kama. In na yi magana fa? Kora ce, a gaban mutane, kuma da wane ido zan kalli mahaifina? Ba zan yi wa kaina ƙarya ba da tsufana: har muka isa ban buɗe baki ba. Na bar shi ya gangara. Na ga ya tsaya a wurinsa, ya gyara hula, ya ɗaga hannu. Inji yana ruri a sama, direba ya kafa masa ido yana jiran hannun ya sauka.

Ƙafafuna ne suka yanke shawara, ba ni ba. Sai na gan ni ina gangarawa da gudu, na zo na tsaya a gabansa, na ba shi baya.

Ya ce, "Kai kuma fa? Matsa."

Na ce, "Baba, ni na haɗa, ni zan tsaya."

Hannunsa yana nan sama. Sannan ya ce, a hankali yadda ba mai ji sai ni, "Ba a rige-rigen tsayuwa a nan. Me ka yi?"

Na ciro robar na sa masa a ɗaya hannun. Ya murza ta, ya kai hanci. Bai dube ni ba. Ya yi wa direba alamar ya kashe inji a sa waigi.

Alhaji ya gangaro yana tattare babbar riga. "Malam, lafiya? Rana tana yi."

"Ba za ta ƙetare ba, Alhaji. Robobin sun lalace, sai an aiko wasu daga Kano."

"Sababbin da aka kawo shekaranjiya?"

"Su. A wurina suka lalace."

Alhaji ya kalle ni, ya kalle shi. "A hannunka, ko a hannun yaronka?"

Baba ya ce, "Rumfar wa ka kawo motarka?"

Da muka buɗe masta, robar ciki a yatsunsa ta rabe biyu. Ya ajiye gutsattsarin a kan akwati inda zan riƙa ganinsu. Na so ya zage ni, na so ya ɗauki bel ɗin fanka ya zane ni in huta, bai yi ba. Kwana biyar da haka ruwa ya iso, ja, ɗauke da kumfa da karare, mashigi ya rufe. Hatsin Alhaji sai da jakuna da kwalekwale aka yi ta jigilarsa, wani ya jiƙe ya tsiro a buhu. Alhaji bai ɓoye fushinsa ba, a kasuwa yake cewa tsufa ya kama Babarbare, hannunsa ya fara mantuwa. Masu mota biyu suka daina zuwa rumfarmu. Mutumin da ba shi da gona ba shi da garke, sunansa ne kaɗai dukiyarsa, ga shi ana taka sunan a kasuwa saboda ni, kuma ya hana ni faɗin gaskiya. Sau ɗaya na ce zan je in gaya wa Alhaji, ya ce, "In ka je, kada ka dawo."

Robobi suka iso ta jirgin ƙasa, aka karɓo su a tashar Malam Madori. Kafin nan ya sa na wanke kowane bututu da sifirit sau uku. Ya ajiye ƙunshin a gabana, ya ɗauki tabarmarsa ya koma inuwa ya juya mini baya. Na ce, "Baba, ba za ka tsaya a kaina ba?" Ya ce, "Wanke hannunka." Na wanke, na yi aikin ni kaɗai. Da aka zo fitar da iska sai ya tashi, ya hau kujerar direba, ya bar mini ƙasa. Na kwanta da sifana a hannu, bakina ya kasa furta kalmar. Ta yaya zan ba shi umarni? Daga sama ya ce, "Ina jinka." Na ce, "Taka, Baba." Ya ce, "Na taka."

Ranar gwaji na biyu mutane sun fi na kullum, don labari ya zaga gari. Kogi ya cika ya hau rabin gangaren, wurin tsayuwar ya matso, ruwa yana gudu a bayan dugadugansa. A sama, kafin ya sauka, ya ce wa direba, "Matsa can. Shi zai taka."

Na riƙe hannun rigarsa. "Don Allah, Baba, ka buɗe ko ƙafa ɗaya ka duba. Ba ka ga abin da na sa ba."

Ya ce, "Ƙarfe ake dubawa kullum, ɗan nan. Mutum sau ɗaya ake duba shi, kuma na duba. Hau."

Na hau. Ta gilashi na gan shi yana gangarawa, ƙafar hagu tana jan ƙasa, har ya tsaya ya juyo. Ya ɗaga hannu, ya sauke. Na saki mota. Ban ji ƙarar inji ba, ban ji mutane ba, sai farar rigarsa da ke ƙara girma a gabana. Kututturen ya wuce ta gefen idona. Na taka da dukkan abin da Allah ya ba ni na ƙarfi. Ƙafafu huɗu suka kama lokaci ɗaya, katako ya yi ƙara, ƙura ta tashi ta wuce mu, mota ta tsaya cik, tsakaninta da shi bai fi taku uku ba.

Mutane suna ta hayaniya a kan gaɓa, ni kuwa na kasa ɗage ƙafata daga feda. Ya zagayo ta gefena, ya dafa ƙofa ya ce, "Saki, ta tsaya." A nan ne na ga hannunsa. Rawa yake yi a kan ƙofar, rawa sosai, har zoben azurfarsa yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Duk shekarun nan ina tsammanin mutumin nan bai san tsoro ba. Na ɗaga ido na dube shi, ya ga na gani. Ya janye hannun ya cusa a aljihu.

Ya ce, "Kullum haka yake yi. Kada ka gaya wa direbobi."

Ban gaya wa kowa ba, har ya koma ga Mahaliccinsa, har direbobin ma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Yau ne na fara faɗa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya tsaya a gabansa ba tare da hannun ya yi rawa ba.